Yakura, Wadda Ta Hutar da Matan Lambu Jiran Wuta

Daga Allah muka zo, kuma gare shi za mu koma, babba da yaro, wanda ya kintsa da wanda bai kintsa ba.

Ranar Talata, 15 ga watan Afrilu na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yakura Salihu a gidan likita na Damagaram, bayan gajeriyar jinya ta ciwon sanƙarau. An dawo da ita gida Gure, aka yi mata sutura bayan sallar la'asar, aka kai ta makwancinta kusa da mahaifinta. Ba ta cika shekara talatin da biyu ba. Ta bar mahaifiyarta Hajiya Mardiya, da mijinta Alhasan, da ƴaƴa biyu, Rahama da ƙaninta Fadilu, wanda ko yaye shi ba a yi ba.

Ni Zaituna ce, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, yanzu kuma magatakardar ƙungiyar matan lambu ta kwarin da ke gabas da gari. Ni na koya wa Yakura karatu tana yarinya. Ita kuma da ta girma ta zama mai aikin wutar lantarki, ta sauke mana wata wahala da muka ɗauka da ita za mu mutu. Matan lambu sun ce in rubuta wani abu a madadinsu, tunda ni ce mai alƙalami a cikinsu. Na zauna sau da yawa na kasa. Duk sanda na zo rubuta "marigayiya" sai hannuna ya tsaya. Saboda haka da ke zan yi magana, Yakura, kamar yadda na saba, mai karatu ya yi mini haƙuri.

Kin zo ajina kina doguwar yarinya siririya, na ajiye ki a bencin baya don kada ki tare wa ƙanana allo. A gidanku Manganci ake yi, yaren Mangawa, Hausarki ta kasuwa ce, Faransanci kuwa ko kalma ɗaya babu, sai kika zaɓi shiru. Na daɗe ina zaton kunya ce kawai. Ban san ko wace ce ke ba sai ranar da rediyon lakwal ya ƙi magana. Muna da kwali cike da tsofaffin batura, irin masu faɗin nan masu kunnuwa biyu na ƙarfe, ban san wanne ya mutu wanne ke da sauran rai ba. Aka tashi shan iska, yara suka fita, ke kika tsaya. Da na juyo sai na gan ki kina ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, kina taɓa kunnuwan da harshe, kina yamutsa fuska, kina ware su gida biyu. Na daka miki tsawa. Kika miƙo mini guda biyu kika ce, "Madam, waɗannan suna cizo." Muka sa su, rediyo ya kama. Tun daga nan har kika bar duniya Madam kike ce mini, ko da kika yi aure kika haihu, ko da na roƙe ki ki riƙa ce mini Inna.

Mahaifinki Malam Salihu, Allah ya jiƙansa, shi da kansa ya raka ki makarantar koyon sana'a a Damagaram da kika ce aikin wuta kike so. An yi ta surutu a unguwa. Shi dai amsarsa ba ta canza ba, cewa ya kalli hannunki ya ga abin da Allah ya sa a cikinsa. Da kika gama an so a riƙe ki a can, kika dawo Gure saboda ciwonsa, bayan ya rasu kuma kika zauna saboda mahaifiyarki. Farkon dawowarki masu shaguna ba sa kiranki. Gidajen aure ne suka fara buɗe miki ƙofa, domin akwai ɗakunan da baƙon namiji ba ya shiga, sai matar gida ta yi wata guda cikin duhu tana jiran ranar da maigida zai sami sukunin tsayawa a kan mai gyara. Ke kuwa sallama kawai kike yi ki shige, ki ɗaure zane a kan wandon aiki, ki kifa turmi ki hau. Kina gyara kina hira, kina tambayar lafiyar yara, kina nuna wa matar gida inda ba a taɓawa da jiƙaƙƙen hannu. Sannu a hankali har masu shagunan suka biyo bayan matansu.

Ba zan ce ba ki da aibu ba, don ke ma da kin ji sai ki yi mini dariya. Ba ki san zuwa a kan lokaci ba. In kika ce da hantsi, a jira ki da azahar, domin duk gidan da kika wuce sai an tsayar da ke, ke kuma ba ki iya cewa a'a ba. Kina da taurin kai a kan aiki har ya kan kai ga ɓacin rai. A tsaye kike cin abinci. Na yi faɗa a kan wannan har na gaji.

Abin da ya sa matan lambu suka ce lallai a rubuta ki shi ne labarin moter.

Lambunmu yana cikin kwari, bayan tuddan rairayi, tafiya ce mai cin ƙafa daga gari, balle ga tsohuwa. Muna da foraji, wato rijiyar burtsatse, da moter babba wanda ke jawo ruwa ya hau da shi shato, tankin nan da ke bisa ƙafafun ƙarfe, daga can ya gangaro cikin fangalolin albasa da salati da tumatir. Wutar gari ce ke juya shi. A shekarar da wuta ta yi ƙaranci sai ta zama ba ta da lokaci. Yau ta zo da safe, gobe sai rana ta take, jibi ta leƙo ta koma. In ba a kunna moter sanda ta zo ba, ruwan ranar ya wuce mu. A bazarar Gure kuwa, shukar da ta kwana biyu ba ruwa sai dai a tuge ta a ba awaki. Da albasar nan wasu ke ciyar da marayu, wasu ke sayen maganin miji.

Sai muka raba kwanaki. Kullum mace ɗaya za ta wuni a gindin akwatin wuta tana kallon wani ɗan ƙwan fitila, in ya kama ta tashi ta danna. A baki abu ne mai sauƙi. Amma wannan mai goyo ce, waccan tana da talla, wata mijinta na kwance. A ƙarshe yawancin kwanakin suka koma kan Iya Yabawa, wadda ta girme mu duka. Ita ke karɓar ranar kowa, tana cewa ita ba ta da mai kuka a gida. Haka take zama a ƴar inuwar goriba da butarta da carbinta, daga safe har yamma, wani lokaci wutar ma ba ta zo ba. Wata rana masu ban ruwa suka same ta a kwance a kan rairayi, zafi ya sumar da ita, leɓɓanta sun bushe. A amalanke aka kawo ta gari.

Kin zo gaishe ta, na same ki a can. Da muka fito kika tsaya a bakin zaure kika ce, "Madam, wannan zaman ba na mutum ba ne. Ku ba ni dama in gwada wani abu."

Abin da kika kawo ɗan akwati ne fari, bai fi sabulun wanka ba. Kika ce sunansa rele, masu hali a birni suna sa shi a gida don su kunna fitila ko fanka daga salula, wato wayar hannu, ko da ba sa nan. Ana sa masa layi kamar salula. In wuta ta zo sai ya aiko da saƙo, mutum ya danna daga inda yake, shi kuma ya kunna. Ba ki ɓoye mana komai ba. Kin ce don ƙananan kaya aka yi shi, moter irin namu yana buƙatar wani babban makunni da ake kira kontakter, babu shi a Gure, kin yi sallahu daga Damagaram amma ba ki san ranar zuwansa ba. Kin ce rubutun da ke jikin ɗan akwatin ya nuna zai iya ɗaukar moter ɗinmu, da ƙyar dai. Mata suka ce a sa haka nan kafin wancan ya iso, don ba wadda ke son komawa gindin goriba. A ƙarshe kika yarda.

Ranar gwaji ba za ta fita daga raina ba. Muna tsakar gidana ni da ke, sauran mata suna lambu tare da Iya Yabawa, wadda ta ji sauƙi ta ce sai ta gani da idonta. Saƙo ya shigo, kika miƙo mini salula kika ce in danna. Na danna. Ba mu ji komai ba, mu da ke cikin gari. Can sai aka kira mu daga lambu, ba a ma jin magana sai guɗa da ihu. Daga baya aka ba mu labari cewa da moter ya yi gurnani ya tashi ba kowa kusa da shi, Iya Yabawa ta yar da carbi ta zura da gudu tana a'uziyya, ita da take cewa gwiwoyinta sun mutu. Kin yi dariya har kika zauna a ƙasa kina share hawaye.

Muka yi ƴan makonni cikin jin daɗi. Sai ranar da abin ya ɓaci. Na kunna da safe, da na kintata shato ya cika na danna kashewa. Salula ta nuna mini ya mutu, na ci gaba da harkokina. Ashe bai mutu ba. Ranar an yi rasuwa a unguwa, ba wadda ta je lambu sai bayan azahar. Waɗanda suka fara isa suka tarar shato yana ambaliya, ruwa ya yanka hanya ya bi ta kan gadon irin albasa na Iya Yabawa, wanda ta yi wata tana reno, ya kwashe shi ƙarƙaf ya binne a cikin rairayi. Moter kuwa ya ja ruwa har rijiya ta ja baya, ya fara wani kuka da ba mu taɓa ji ba, jikinsa ba ya taɓuwa don zafi. Allah ya sa wata daga cikinmu ta yi ƙarfin hali ta sauke babban makunnin da ke jikin gungume. Da an ƙara jimawa da ya ƙone, da ya ƙone kuwa da lambun ya tashi, domin ba mu da halin sayen wani.

An faɗi maganganu a ranar. Wasu sun ce dama abin aljanu ne. Wasu sun ce abin da ake samu ke nan in an ba mace aikin maza, kuma mata ne suka faɗa. Da aka aika miki kin zo a kan lokaci, karo ɗaya da na taɓa gani. Kika buɗe ɗan akwatin a gabanmu, kika nuna mana wasu ƴan ƙarafa biyu a ciki da suka narke suka manne da juna. Kika ce moter in zai tashi yana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya kama gudu, wannan fizgar ce take ta lasar ƙarafan kullum har suka haɗe, shi ya sa ya ƙi sakewa. Kina iya cewa mu muka matsa miki, kuma da kin faɗa ba ki yi ƙarya ba. Amma sai kika juya wajen Iya Yabawa kika durƙusa kika ce, "Iya, ni na san wannan, ku ba ku sani ba. Bai kamata in yarda ba. Laifina ne, ki yafe mini."

Iya Yabawa ta tsaya tana kallon inda irinta yake. Washegari da sassafe ta zo ta tarar da ke a wurin, kin samo iri daga wani lambu, kin gyara gadon, kina dasawa a duƙe, ga cikin Fadilu ya tsufa. Ta ƙwace dagin daga hannunki tana yi miki faɗa da Manganci. Kuka ƙarasa dashen tare.

Ba ki ƙara jiran sallahu ba. Kin hau mota da kanki zuwa Damagaram da wannan cikin, duk da Alhasan ya so ya je a madadinki, kika ce ba zai gane wanda kike nema ba. Kika dawo da kontakter, wani baƙin abu mai nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami, da sabon rele. Wannan karon ɗan akwatin ba ya taɓa wutar moter ko kaɗan. Aikinsa kawai ya taɓa kontakter, shi kuma ya rufe da ƙarfi, ƙwas, ya ɗauki nauyin. Kika ƙara wani abu da ke yanke wuta da kansa in moter ya yi zafi. Kika sa wata ƴar ƙwarya ta roba a cikin shato wadda ke tashi da ruwa, in ya cika ta kashe. A jikin akwatin kuma, daga waje, kika dasa jan maɓalli babba kamar tafin hannu, kika ce ko yaro, ko baƙo mai wucewa, in ya ga abin da bai gane ba ya buga shi, komai zai tsaya.

Sannan kika ƙi tafiya sai kowace mace a ƙungiyar ta buga jan maɓallin nan da hannunta. Akwai masu tsoro, kika kama hannunsu kuka buga tare. Kika zaunar da mu kika koya mana sautin moter mai lafiya da na wanda ke jan iska. Na ce miki ai kina nan, in wani abu ya faru sai mu kira ki. Kika ce, "Madam, in ina Bune fa? In ina ɗakin haihuwa?" Ban kawo komai a raina ba. Daga ranar nan har yau akwatin bai taɓa ba mu kunya ba, kuma ba macen da ta sake wuni a rana tana gadin ƙwan fitila.

Labari ya bazu. Usmanu mai injin niƙa na bakin kasuwa ya zo ya ce ki yi masa irinsa, don ya riƙa tayar da injinsa daga gida kafin ya iso. Mutum ne mai mutunci, kuma ya daɗe yana ba ki aiki. Kika je kika duba, kika ga belin injin a fili yake, mata da yara suna kewaye da shi da ƙwaryarsu tun kafin a buɗe. Kika ce ba za ki yi ba. Ya yi ta lallashi, ya ce zai riƙa kira ya tabbatar ba kowa a kusa. Kika ce masa moter ɗin lambu yana cikin rijiya, ba ya kama hannun kowa, amma injin da ke da beli ba a tayar da shi sai mai tayarwa yana kallonsa da idonsa. Ya yi fushi, ya daina gaishe ki na wani lokaci, ya kai aikinsa wani wuri. Abin ya dame ki, na sani, don kin faɗa mini. Amma ba ki sauya ba. Ranar jana'izarki an ce shi ya fara shiga kabari don karɓarki tare da ƴan'uwanki.

Makon da za ki rasu kin je Gidigir, inda wata ƙungiyar mata ta roƙe ki ki haɗa musu irin akwatinmu. Kin dawo kina ciwon kai, kowa ya ce rana ce. Kika sha magani kika kwanta. Da zazzaɓi ya yi tsanani, wuya ya sanƙare, Alhasan ya kai ki gidan likita a nan Gure, suka yi abin da za su iya, suka ce a wuce da ke Damagaram. Na iso ana shirin sa ki a mota. An rufe miki fuska da mayafi domin haske yana soka miki ido. Na kama hannunki, zafinsa ya ba ni tsoro. Na ce, "Yakura, ni ce." Kika ce, "Madam," a hankali.

A waje Fadilu yana ta kuka a hannun kakarsa, yana neman nono. Hajiya Mardiya ta nufo mota da shi don ki gan shi kafin a tafi. Kin ji kukan yana matsowa. Da sauran ƙarfin da ya rage miki kika matse yatsuna kika ce, "Kada a kawo shi. Ciwon nan ana ɗauka. A kai su a duba su." Na tashi na tare ta. Aka rufe ƙofa, mota ta tashi, yaron yana miƙa hannu. Ba ki ƙara ganinsa ba. Ni na tsaya tsakaninki da ɗanki a ranar, da umarninki, kuma na san daidai kika yi, an duba yaran an ba su magani suna nan lafiya. Amma har yanzu in na rufe ido hannun nan nake gani.

Da aka dawo da ke, Hajiya Mardiya ta ce ba za ta iya ba, ta ce ni da Iya Yabawa mu yi miki wanka. A cikin lissafina na duniya, Yakura, ke ce za ki tsaya a kaina ranar tawa. Na taɓa raya haka a zuciyata, har na ji sanyi, na ce wannan yarinya ba za ta yi mini aikin ganin ido ba. Sai ga shi ni ke zuba miki ruwa. Na ga tabon ƙuna a babban yatsanki, da kantar da ke tafin hannunki, da lallen ƙaramar salla da bai gama fita ba. Iya Yabawa tana cuɗa ki a hankali kamar mai tsoron kada ta tashe ki, tana ta faɗin abu ɗaya, cewa ita ce ta kamata, ita da ta gama cin rabonta.

Washegari muna zaman makoki, gida cike da mata, sai salula ta yi ƙara a cikin jakata. Saƙon akwatin ne. Ke kika rubuta kalmominsa tun ranar da kika haɗa shi, da irin tsokanarki: "Madam, wuta ta zo, a tashi." Na karanta shi ya fi a ƙirga ban taɓa jin komai ba. Ranar nan na riƙe salular na kasa dannawa, na kasa ajiyewa. Matar da ke kusa da ni ta karɓa ta danna, don albasa ba ta san an yi mutuwa ba. An ce mini ana iya canza kalmomin. Na ce a bar su. Kullum sai ya zo, kullum sai na yi kuka, kuma ba na so ya daina zuwa.

Matan Gidigir sun aiko da wakilai gaisuwa. Sun ce kin gama musu aikin tsaf kafin ki taho, har jan maɓallin, kuma kin sa kowace ta buga. Sun ce kin ƙi zama ki ci abincin da suka dafa miki, a tsaye kika ɗan taɓa kika ce yamma ta yi, yaro na jira.

A madadin matan lambu ina miƙa ta'aziyya ga Alhasan. Ɗana, mun ga yadda ka riƙe ta. Kai ke goya Rahama a babur ka kai ta wurin kakarta in aiki ya riƙe uwarta, ba ka taɓa jin kunyar a ce matarka na bisa tsani ba. Allah ya ba ka haƙuri, ya dafa maka wajen renon abin da ta bari. Ga Rahama, wadda ta isa ta gane amma ba ta isa ta ɗauka ba, da Fadilu, wanda zai san uwarsa a bakin mutane kawai: in kun girma ku zo kwari, akwai mata da yawa da za su zaunar da ku su gaya muku ko wace ce ita. Ina ta'aziyya ga ƴan'uwanta na Gure da na Gamu, da abokan aikinta, da duk matar da Yakura ta taɓa shiga ɗakinta ta fito ta bar shi da haske.

Hajiya Mardiya kuwa ban san da wane baki zan yi mata gaisuwa ba. Bayan sadakar bakwai na koma gidana na rufe ƙofa. A wurin makoki ni mai zuwa gaisuwa ce, ba wadda ake yi wa ba, domin ba jini tsakanina da ke, kuma haka ya kamata. Ina zaune da yamma sai na ji sallama. Mahaifiyarki ce, da Fadilu a bayanta, ita da ko ƙofar gida ba ta fita ba tun ranar. Na tashi a ruɗe ina tambaya ko lafiya. Ta zauna a bakin tabarma, ta kwance yaron ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Kowa ya zo ya yi mini gaisuwa, ke ba wanda ya yi miki. Na zo in yi miki gaisuwar ƴarki. Ya haƙuri, Madam?"

Na rungume yaron a ƙirjina. Muka zauna har aka kira magariba.

Ya Allah, ga baiwarka Yakura ƴar Salihu ta zo gare ka, ba ta da kowa yanzu sai kai. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi, ka sauƙaƙa mata tambaya. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Duk shukar da ta sha ruwa ta dalilinta, duk bakin da ya ci daga wannan shuka, ka rubuta mata ladansa har ranar da za a tashe mu. Ka raya ƴaƴanta a kan imani, ka ba mahaifiyarta da mijinta juriya irin wadda kai kaɗai ke bayarwa. Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljannar Firdausi. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da kalmar shahada.

Allah ya jiƙanki, ƴata. Amin.